Darasin Wannan Mako: Wa Ya Kai Tumatir Kasuwar Kurmi?

'Yan uwa ɗalibai, a zangon da ya wuce mu 'yan kulob ɗin jarida mun rubuta wa ƙannenmu na aji ɗaya wani labari. Wata yarinya ce ta shiga tsohon rumbun kakarta neman kaza, da ta fito sai ta ga kanta a Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Muna ta murna mun gwaninta, har sai da malamarmu ta tarihi ta karanta. Ta ja layi da jan biro a wuri huɗu.

Ga laifinmu. Mun sa yarinyar ta shiga Kasuwar Kurmi, wannan daidai ne, domin a zamanin Rumfa aka kafa ta. Amma sai muka ce ta ga tumatir da barkono a faifai, ta sayi gasasshiyar masara, wata tsohuwa kuma ta ba ta ƙuli-ƙuli. Ashe tumatir da barkono da masara da gyaɗa duk asalinsu daga nahiyar Amurka suke. Sai bayan da Kolambas ya isa can a 1492 aka fara bazuwa da su duniya, kuma sun daɗe kafin su iso nan. Wallahi mun sha mamaki. Miya ba tumatir!

To me mutanen suke ci? Gero da dawa, miyar kuka da kuɓewa, daddawa, fura da nono. Waɗannan muka mayar cikin labarin.

Saboda haka idan za ka rubuta labarin zamanin da, ko na wanda ya koma baya, ka bi kowane abu da ka ambata ka tambaye shi: kana nan a lokacin? Abinci, tufafi, abin hawa, kuɗi. Jirgin ƙasa bai iso Kano ba sai 1911. Naira kuwa a 1973 aka fara kashe ta. Ka duba littafin tarihi, ka tambayi malami ko tsofaffin gida. Wanda yake cikin Kano yana iya zuwa Gidan Makama ya ga kayan da da idonsa.

Abin da ya fi yi mana daɗi shi ne kuskuren kuɗin ne ya gyara labarin. Da farko yarinyar ta miƙa naira hamsin an karɓa, shi ke nan. Yanzu mai fura ta juya takardar, ta shinshina, ta mayar mata. Ga yunwa, ga ba ta san kowa ba, ga rumbun da za ta koma ta cikinsa ba a ma gina shi ba. Nan ne 'yan aji ɗaya suka yi tsit da muka karanta musu. Yaro ba ya son a jera masa shekaru kamar ranar jarrabawa. Yana so ya san yadda yarinyar za ta ci abinci, da yadda za ta koma gida.

Kada kuma ka cusa duk abin da ka binciko. Mun cire shafi guda a kan ganuwa, don yarinyar tsayawa kawai ta yi tana kallo.

Labarin da muka gyara zai hau wannan allo mako mai zuwa. Mai nasa labarin ya miƙa wa sakataren kulob kafin ranar Alhamis, kada ya wuce shafi biyu.