Yadda Za Ki Dafa Dunƙulen Naman Sa Ya Yi Luguf

Koken da ya fi yawa a bakin matan gida a ƙasar Gumel game da naman sa ɗaya ne. Maigida ya kawo dunƙule mai kyau daga wurin mahauci, ko an rabo kason watanda, an ɗora tun hantsi, an yi ta iza wuta har itace ya ƙare, azahar ta yi nama yana nan kamar ƙirgi. Daga nan wata ta ɗora wa mahauci laifi, wata ta jawo kanwa. A 'yan shekarun nan kuma an samu ƙarin tambaya daga waɗanda aka sa musu tukunyar lantarki mai dafawa a hankali cikin kayan ɗaki: shin ita ce maganin wannan matsala, kuma yaya ake aiki da ita?

Uwargida, kafin a zo kan tukunya, sai mu fara sanin naman da ke hannunmu.

Abin da ke sa naman ya yi tauri

Duk wanda ya taɓa shiga karar Maigatari ranar Alhamis ya san irin shanun da ake kawowa. Akwai na Fulani da suka sha tafiyar kiwo, akwai waɗanda aka koro daga Jamhuriyar Nijar, akwai kuma shanun huɗa daga ƙauyukan Gagarawa da Sule Tankarkar, waɗanda suka yi shekaru suna jan garma da amalanke kafin a turke su a sayar. Dabbar da ta manyanta kuma ta yi aiki, jijiyoyin da ke ɗaure da tsokarta sun yi ƙwari. Abin da ke cikin waɗannan jijiyoyi masana na kiransa kolajin, kuma shi ne tushen taurin. Ƙari a kan haka, mu yanka muke yi da safe mu dafa da rana, daidai lokacin da nama ke sandarewa bayan yanka. A ƙasashen Turai da Amurka sai an ajiye naman sa kwanaki a ɗakin sanyi ya saki kafin ya isa kasuwa.

Wannan ba aibi ba ne ga namanmu. Tsohon sa ya fi ɗan maraƙi ɗanɗano da romo nesa ba kusa ba. Abin da ake buƙata shi ne a narkar da kolajin ɗin, kuma yana fara narkewa ne idan zafin cikin nama ya kai kamar digiri 70 zuwa 80 a ma'aunin Salshiyos ya daɗe a nan awanni. Idan ya narke sai ya zama wannan danƙon da kike ji a leɓe in kin sha farfesun ƙauri, shi ke shiga tsakanin zaren nama ya tausasa shi. Wuta mai ƙarfi kuwa gaggawar matse tsoka take yi, ruwan cikinta ya fice, tukunya ta ƙafe, jijiya ba ta samu lokacin narkewa ba. Shi ya sa ƙara itace ba ya ƙara laushi. Hausawa sun riga sun faɗa, mai haƙuri shi ke dafa dutse har ya sha romonsa.

Wurin da za ki ce a yanko miki

Ki aika wa mahauci da sunan wuri, kada ki ce nama kawai. Doguwar dahuwa tana son wurin da dabba ta fi motsawa: wuya, kafaɗa, ƙirji, ƙauri, jela, haƙarƙari, sai kuma tozo ga mai son maiƙo. Waɗannan su ne masu jijiya da kitse a tsakani. Zallar tsokar gadon baya da ta cinya, irin wadda masu tsire da kilishi ke nema, ba ta da abin narkewa, idan ta daɗe a wuta bushewa take yi ta zama zare-zare. Kada ki fere kitse da jijiya duka, kuma in da ƙashi a jiki ki bar shi, ɓargonsa zai gyara romo.

Aiki da tukunyar lantarki

Wannan tukunya ta yi fice ne a Amurka daga 1971 da sunan Crock-Pot. Aikinta ɗaya: ta riƙe abinci da zafin da bai kai ga zaɓalɓala ba, na tsawon yini. Ga dunƙule mai kilo 1 da rabi zuwa 2, ki shafe shi da gishiri da dakakkiyar citta, masoro, kanumfari, kimba kaɗan da tafarnuwa. Ki ɗora kasko da mai cokali 2, ki soya kowane gefe har ya yi ja. Wannan suyar ta minti 10 ita ke kawo ƙamshi, domin tukunyar ba ta da zafin da za ta yi wannan da kanta.

Ki shimfiɗa yankakkiyar albasa manya 2 a ƙasa, ki ɗora naman a kai, ki sa daddawa da attaruhu gwargwadon bakin gidanki. Ruwan zafi za ki zuba, kuma kada ya wuce sulusin tsayin naman. Nan ne da yawa ke kuskure: wannan tukunya ba ta ƙafewa, nama da albasa ma ruwa suke fitarwa, idan kika cika ta romo zai yi salam. Ki rufe, ki sa ta a ƙaramin zafi awa 8 zuwa 10, ko babban zafi awa 5 zuwa 6. Naman tsohon sa ya fi son ƙaramin. Ki daure ki bar murfin a rufe, kowace buɗewa tana mayar da dahuwa baya da kusan minti 20. Alamar ya yi ita ce cokali mai yatsu ya shige ba gardama. In bai shige ba, lokaci za ki ƙara.

Kada ki taɓa sa daskararren nama daga firiza kai tsaye. Tukunyar tana ɗaukar zafi a hankali, cikin naman zai daɗe a tsakanin digiri 5 da 60, inda ƙwayoyin cuta ke hayayyafa da sauri.

In an ɗauke wuta fa?

Wannan ita ce babbar tambaya a wurinmu. Tukunyar ba ta cin wuta da yawa, galibi wat 200 zuwa 300 ne, amma tana son a ba ta ba yankewa. Kowa ya san halin wutar lantarki a yankinmu, saboda haka kada ki jona ta ki tafi biki ko makaranta sai in gidan yana da sola da batir da za su riƙe ta. Idan kina gida aka ɗauke wuta, nan take ki juye naman a tukunya ki ƙarasa a kan gawayi ko gas. Idan kuwa kin dawo kin tarar ta huce, ba ki san tun yaushe ba, wannan naman bai kamata a ba iyali ba, ko da bai yi wari ba. Wasu ƙwayoyin cuta suna barin guba da sake tafasawa ba ya kashewa, balle a zafin bazararmu da ke haura digiri 40.

Wadda ba ta da tabbacin wuta ba ta yi asarar komai ba, domin tukunyar ƙasa ta iyayenmu wannan aikin take yi. Ki soya naman, ki sa a tukunyar ƙasa ko ta ƙarfe mai kauri, ruwa zuwa rabinsa. In ta tafasa ki janye itace, ki bar garwashi, ki yayyafa masa toka kaɗan, tukunya ta riƙa ƙyafta tafasa ɗaya-ɗaya. Awa 3 zuwa 4 sun isa, kina ƙara gawayi da ruwan zafi kaɗan-kaɗan.

Akwai kuma dabarar da ke rage cin itace, abin da ƙasarmu mai fama da gurgusowar hamada take buƙata. Ki yanka naman gwargwadon dunƙulen hannu, ruwa ya rufe shi, ya tafasa sosai minti 30. Ki sauke ba tare da buɗewa ba, ki naɗe da tsohon bargo, ki saka cikin kwando ko kwali da aka cika da ƙaiƙayin gero ko auduga ta kowane gefe har sama. Bayan awa 4 ki fito da ita. Dole ki same ta da zafin da hannu ba zai jure ba, sannan ki sake tafasa ta kafin a ci.

Kanwa da ƙwayar magani

Kanwa tana sa nama ya saki, amma tana baƙanta shi, ta sa bayansa santsi, ta lalata sinadarin bitamin B1, kuma tana ɗauke da sodiyam wanda mai hawan jini ake ce masa ya rage. Jefa farasitamol a tukunya kuwa, wanda wasu masu abincin sayarwa ke yi, hukumar NAFDAC ta yi gargaɗi a kansa saboda illarsa ga hanta da ƙoda. Ina roƙon ki da Allah kada wannan ya shiga girkin gidanki. In kina gaggawa, ki naɗe naman a ganyen gwanda da aka murza na kamar awa ɗaya a wuri mai sanyi, ko ki nemi tukunya mai matsin tururi, wadda ke gama irin wannan nama cikin awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi.

Idan naman ya dahu, ki bar shi cikin romonsa minti 15 kafin ki yanka, kuma ki yanka a gicciye, kada ki bi tsawon zarensa. Ki kwashe man da ya taso, ki tafasa romon a buɗe ya yi kauri, a ci da gurasa, waina ko shinkafa, saura ki kaɗa miyar kuka da shi. Abin da ya rage kada ya wuce awa 2 a waje, a lokacin zafi ma awa ɗaya: ko ya shiga firji, ko ki daka shi ki soya ya zama dambu.