Sabunta Ƙotar Tsohuwar Bindigar Farauta: Itace da Magagari

Ƙotar bindigar farauta takan riga ƙarfenta mutuwa. A Riruwai da ƙauyukan Doguwa, inda damina ke da ƙarfi, hunturu kuma ya busar da komai, itace yakan kumbura ya motse kowace shekara har ya tsage. Baƙin man da masu bindiga ke zuba wa ƙarfe yana gangarowa cikin ƙotar in an jingine ta, sai kanta ya yi baƙi ya ruɓe. Ɗaure ta da waya ko robar tayar keke ba gyara ba ne, domin ƙotar da ta karye a lokacin harbi fuskar maharbin take nufa.

Aiki na farko shi ne gane itacen asali. Launin waje yana ruɗi, saboda fenti da zufar hannu. Sai an tabbatar babu harsashi, a kwance ƙotar, a kankare ɗan wuri a ciki inda take haɗuwa da ƙarfe. Tsofaffin bindigogin Ingila da Beljiyam galibi da itacen walnot aka yi musu ƙota: ruwan ƙasa ne mai ratsin duhu, da ƙananan ƙofofi da ido ke gani. Bindigar Baikal mai baki ɗaya, wadda ake ƙerawa a Izhebsk ta Rasha, sau da yawa ƙotarta farin itacen ƙasar sanyi ne aka rina. Idan an ga ɗigo-ɗigo kamar an watsa riɗi, itacen bic ne.

Waɗannan ba sa tsirowa a nan, don haka masassaƙi yakan nemi makwafinsu. Maɗaci ya fi kusa: ja ne, nauyinsa matsakaici, yana karɓar sassaƙa. Kanya tana da tauri, gara ba ta cika damunta ba. Maɗobiya ta fi kyan gani, amma an yi mata saran ƙare dangi, har aka sa ta cikin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta taƙaita cinikinsu tun 2017, kuma sara a dajin Falgore haramun ne. Ƙirya da kawo sun yi nauyi, suna karkatar da bindiga baya. Rimi da maje ba su da ƙwarin da za su jure bugu.

Abin da ya fi sunan itacen muhimmanci shi ne yadda jijiyarsa ta kwanta. A wuyan ƙota, inda hannu ke riƙewa bayan kunama, itacen ya fi siranta, kuma nan bugun ke bi. Dole jijiyar ta bi tsawon wuyan. In ta gitta shi, ko da akwai gaɓa a wurin, katakon bai cancanta ba komai kyansa. Ɗanye ma haka. Katako mai kaurin inci 2 yana son kimanin shekara 2 a inuwa, an toshe bakunansa da fenti don kada ya tsage.

Bayan zarto da gizago sun fitar da siffa, sai magagari. Na maƙera, wanda ake goga ƙarfe da shi, cushewa yake yi da garin itace. Ana buƙatar mai manyan haƙora don rage tudu, a tsaya da shi saura kamar milimita 2 a kai zane, domin raminsa yana da zurfi. Mai gefe ɗaya a kwance ɗaya a gantsare shi ne na wuya da wurin kunci, mulmulalle kuma na lungu. Mai ƙananan haƙora ke share sawun na farko kafin samfefa. Wanda aka sare haƙoransa da hannu, irin na Auriou a Faransa, ya fi barin itace sumul, amma yana da tsada. Magagari a turawa yake ci, ana karkata shi kaɗan, ana kakkaɓe shi da burushin waya.

Gurbin da ƙarfe ke zama ba wurin magagari ba ne. Ana shafa wa ƙarfen baƙin fitila, a danna shi, a ɗebe inda ya yi tabo da kurfi kaɗan-kaɗan har ya zauna daram.

Dokar Makamai ta 1959 ta wajabta lasisi ga mai riƙe bindiga, gyaranta ma sai da izinin 'yan sanda. Masassaƙi ya nemi ganin takardar mai ita kafin ya karɓi aikin.