Jarraba Likitocin Yara Kan Ceton Numfashi

Cikin jarirai 10 da ake haifa, kimanin 1 yakan bukaci taimako kafin ya fara numfashi. Idan iska ta yanke wa ƙwaƙwalwa na 'yan mintoci kaɗan, yaro yakan mutu ko ya tashi da naƙasa. Jaririn da aka haifa a Babban Asibitin Suleja ba zai iya jiran a kai shi Asibitin Koyarwa na Gwagwalada ba. Tilas wanda ke tsaye a kansa ya san aikin. Saboda haka ne ake jarraba likitocin da ke neman ƙwarewa kan cututtukan yara, a ƙarƙashin Kwalejin Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa wadda aka kafa a 1979.

Amsa a takarda ba ta isa ba. Akan ajiye wa ɗalibi 'yar tsana ta roba da jakar hura iska, malami kuwa ya riƙe agogo yana duba waɗannan abubuwa:

1. Ko ya goge jariri, ya ɗumama shi, ya daidaita kansa don hanyar iska ta buɗe.

2. Ko ya fara hura iska kafin minti 1 ya cika, sau 40 zuwa 60 a minti, har ƙirji na ɗagawa. Wannan minti shi ne ginshiƙin shirin da Ƙungiyar Likitocin Yara ta Amurka ta ƙaddamar a 2010.

3. Idan bugun zuciya ya gaza 60 duk da iska na shiga, ko ya danna ƙirji da manyan yatsu biyu, danni 3 ga huri 1.

4. Ga yaro mai ɗan girma, idan masu ceto biyu ne, danni 15 ga huri 2.

5. Ko ya nemi taimako, ya raba wa ma'aikatan jinya aiki cikin natsuwa.

Wanda ya kasa, akan nuna masa kuskurensa ya sake. Wanda ya ci ma akan sake jarraba shi, domin hannu yakan manta cikin 'yan watanni.

Iyaye kuma su lura: kada a watsa wa jariri ruwan sanyi, ko a rataye shi kai ƙasa. Mai ciki ta haihu a asibiti, inda aka tanadi kayan aiki da horarrun hannuwa. Ba a fafe gora ranar tafiya.