DARASIN WATA: A AJIYE MASA GURBINSA

Karatu: Wasiƙar Bulus zuwa ga Filimon (duka), Matiyu 25:31-46, Ayyukan Manzanni 9:26-28

Gabatarwa

Duk wanda ya zauna a gaban malamin katikisma ya san cewa ziyartar 'yan kurkuku tana cikin ayyukan jinƙai bakwai na jiki. Da yawa daga cikinmu sun taɓa ɗaukar sabulu da garin kwaki da 'yan tufafi zuwa gidan yari na Funtuwa ko na Malumfashi a lokacin Azumi ko Kirsimati. Wannan aiki ne mai kyau, Allah kuwa ba zai manta da shi ba. Amma akwai wata rana da ba mu cika yin shiri dominta ba, watau ranar da gandiroba zai buɗe ƙofa ya ce wa ɗan'uwanmu ya tafi gida. Wa zai tarye shi? Ina gonarsa, ina iyalinsa, ina kuma bencin da yake zama a kai ran Lahadi? Darasinmu na wannan wata yana koya mana cewa komawar mutum cikin jama'a tana farawa ne tun daga ranar da aka kama shi, gama wanda ba a ajiye masa gurbi ba, ko ya fito ba shi da wurin komawa.

Su wane ne ke fitowa?

Da farko ya kamata mu kawar da wani zato, cewa duk wanda ya kwana a kurkuku mugu ne. Shekaru da yawa ke nan lissafin hukuma yana nuna cewa kimanin kashi biyu cikin uku na waɗanda ke tsare a Nijeriya masu jiran shari'a ne, alƙali bai same su da laifi ba tukuna. Waɗansu kuma tara aka ci su, suka kasa biya. A watan Nuwamba na 2023 Ministan Harkokin Cikin Gida, Olubunmi Tunji-Ojo, ya ƙaddamar da sakin fursunoni 4,068 a faɗin ƙasa bayan an tara naira miliyan 585 an biya musu tara da diyya. Talauci ne ya riƙe waɗannan mutane a ciki. Akwai kuma waɗanda suka yi laifi na gaske, suka cuci mutane, suka kuma cika kwanakin da shari'a ta ɗiba musu.

Dokar ƙasa ita ma ta sake fuska. A watan Agusta na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar da ta mai da Hukumar Gidajen Yari ta zama Hukumar Gyaran Hali. Dokar ta buɗe hanyar hukunci ba tare da ɗauri ba, kamar yi wa al'umma aiki, da sakin talala, da sulhu tsakanin mai laifi da wanda aka yi wa laifi. Ta kuma tanadi takardar shaidar halin kirki ga fursunan da ya nuna ya gyaru, ta hana a nuna wa mai riƙe da ita bambanci saboda ɗaurin da ya sha. Sai dai takarda ba ta iya sa maƙwabci ya amsa gaisuwa. Wannan sashe na aikin yana hannunmu.

Abin da yake tararwa a gida

Mu a wannan yanki manoma ne. Daga Bakori zuwa Danja, daga Ƙafur zuwa Dandume, rayuwarmu tana bin damina. Mu ɗauki misalin magidancin da aka kama da bazara, ana gab da shuka. A makon farko iyalinsa za su sayar da akuya domin zirga-zirgar ofishin 'yan sanda da kotu. Bayan wannan sai buhunan masarar da aka ajiye domin sayen taki su tafi kuɗin lauya. Idan shari'a ta ja, sai a ba da gona jingina. Yara su bar makaranta, babban ɗan ya tafi ƙodago a gonakin mutane, iyayen matar kuma su fara cewa ta dawo gida.

To, a ce an sake shi a watan Agusta. Lokacin shuka ya wuce, rumbu wayam, hatsi ya yi tsada a kasuwa, gonarsa kuwa wani ne ke ciki. Ɗaurin wata huɗu ya cinye masa shekara guda, wani lokaci ma biyu, domin ba zai fanshi gonar ba sai ya sami abin fansa. Wannan shi ne ɗauri na biyu, wanda babu alƙalin da ya yanke shi.

Na uku kuma shi ne bakin mutane. Kaza ta ɓace a unguwa, shi za a fara duba. A wannan zamani na rashin tsaro da ya addabi ƙauyukanmu, ya isa wani ya raɗa cewa wane yana kai wa 'yan bindiga rahoto, ran mutum ya shiga haɗari ba tare da wata shaida ba. Wanda aka toshe wa kowace hanya a garinsu yakan nemi waɗanda za su karɓe shi, sau da yawa kuwa abokan da ya yi a kurkuku ne kaɗai ƙofarsu take a buɗe.

Abin da Bulus ya yi wa Onisimus

Wasiƙar da Manzo Bulus ya rubuta wa Filimon aya 25 ce kawai, a kurkuku kuma ya rubuta ta. Onisimus bawan Filimon ne da ya rabu da ubangidansa, ga alama kuma ya jawo masa hasara. Ya sadu da Bulus a tsare, ya ba da gaskiya, lokaci ya yi da zai koma gidan da ya bari. Mu lura da abubuwa huɗu.

Na ɗaya, Bulus bai bar shi ya koma hannu rabbana ba. Ya ba shi wasiƙa, ya jingina sunansa da mutuncinsa a kansa, ya roƙa a karɓe shi kamar yadda za a karɓi Bulus kansa (aya 17). Haka Barnaba ya yi wa shi Bulus ɗin a Urushalima, sa'ad da almajirai suke tsoronsa saboda abin da ya aikata a dā: ya kama hannunsa ya kai shi gaban manzanni.

Na biyu, bai ɓoye laifin ba. Ya ambaci bashin, ya ɗauke shi a wuyansa, ya yi alkawari da rubutun hannunsa cewa zai biya (aya 18-19). Jinƙai na Kirista yana tafiya tare da biyan hakki.

Na uku, ya roƙa a ba Onisimus sabon matsayi, na ɗan'uwa ƙaunatacce (aya 16). Ma'anar sunan Onisimus ita ce "mai amfani", Bulus kuwa ya tsaya a kan cewa mutumin da aka ɗauka ba shi da amfani zai amfani gidan.

Na huɗu, wasiƙar ta haɗa da ikkilisiyar da ke taruwa a gidan Filimon (aya 2). Watau karɓar mai komowa al'amarin jama'ar masu bi ne gaba ɗaya, ba a bar wa gida ɗaya nauyinsa.

Magadan Bitrus sun bi wannan sawu. A ranar 27 ga Disamba 1983 Paparoma Yohanna Bulus na II ya shiga kurkukun Rebibbia a Roma ya zauna da mutumin da ya harbe shi a 1981. A ranar 26 ga Disamba 2024 Paparoma Fransis ya buɗe Ƙofa Mai Tsarki ta shekarar Jubili a wannan kurkuku, kwana huɗu kuma kafin rasuwarsa a watan Afrilu na 2025 ya ziyarci fursunonin Regina Coeli.

Aikin da ke gabanmu

Dayosis ɗinmu na Katsina sabo ne, a 2023 aka kafa shi, al'adun da muka dasa yanzu su ne 'ya'yanmu za su gada. Ga abin da kowace majami'a, ko ta ƙauye mai gida goma, za ta iya yi.

Sa'ad da yake ciki. A tsare gonarsa. Kakanninmu sun bar mana gayya. Matasa su ba da yini ɗaya na huɗa, ɗaya na noman firi, ɗaya na girbi. Kafin iyali su ba da gona jingina, dattawan majami'a su zauna da su a nemi wata dabara, in kuwa ya zama tilas, a rubuta sharuɗɗan a gaban shaidu da mai unguwa. Zumuntar Mata su riƙa leƙa matar, gama zumunta a ƙafa take, a kuma ga cewa yaran ba su bar makaranta da ajin katikisma ba. Wanda ba shi da kuɗin lauya, a kai maganarsa ga Hukumar Adalci, Ci Gaba da Zaman Lafiya ta Ikkilisiya, ko ga hukumar gwamnati mai ba talakawa lauya kyauta, wadda aka kafa tun 1976. Idan tara ce kaɗan ta riƙe shi, baiko na Lahadi ɗaya ko biyu zai iya fitar da shi.

Ranar fitowa. Kada ya fito ya tarar da titi kawai. Mutum biyu su je da riga mai tsabta da kuɗin mota. A kai shi asibiti a duba shi, musamman idan yana tari, domin tarin fuka da ƙazuwa suna yaɗuwa inda aka cunkushe mutane. Katikis ko wani dattijo ya raka shi gaisuwa wurin mai unguwa, domin gari ya san akwai wanda ya tsaya masa. Ran Lahadi ya zauna inda ya saba zama. Kada a tsai da shi gaban jama'a ya ba da labarin kansa. Abin da ke tsakaninsa da Allah, Fada yana nan domin Sakramentin Tuba.

Bayan ya fito. Abin da ya fi bukata shi ne aiki kafin mako ya zagayo. Idan damina ta yi nisa, a ba shi ƙodago, a biya shi daidai da kowa. Da rani a nema masa wuri a fadama, ko wurin masu rake da tumatir. Idan ya koyi ɗinki ko kafinta a ciki, mu ne za mu fara kai masa aiki. Da bazara a ranta masa iri da taki ya biya da kaka. A yi haƙuri da shi, gama wanda ya daɗe a kulle yakan yi saurin fushi, ko yawan shiru, ko rashin barci. Matarsa ita ma ta saba riƙon gida ita kaɗai, sai a hankali za su sake sabawa.

Wanda aka cuta

Kada ƙaunar mai komowa ta sa mu manta da wanda aka yi wa ɓarna. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Tsoronsa yana da dalili. Kada a tilasta masa yafewa, kada kuma a kunyata shi idan zuciyarsa ba ta sauko ba tukuna. Inda za a iya mayar da abin da aka ɗauka, a mayar, ko da kaɗan-kaɗan ne bayan girbi. Inda wanda aka cuta Musulmi ne, maƙwabcinmu, a je masa da dattawan ɓangarorin biyu. Hikima kuma ba ta saɓa wa jinƙai: wanda aka ɗaure saboda kuɗi ba a fara ba shi ajiyar baiko, wanda ya taɓa cutar da yara ba a bar shi da yara ko kaɗan. Wannan kariya ce ga jama'a, kariya ce kuma gare shi daga jaraba.

Hausawa sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. A ranar shari'a, bisa ga Matiyu 25, Ubangiji zai lissafta abin da aka yi wa ɗan kurkuku a kan shi aka yi wa. Wanda muka ziyarta a ciki, shi ne kuma zai tsaya a ƙofar garinmu da ƙunshin kayansa a hannu.

Tambayoyin tattaunawa

1. Akwai gida a majami'armu da maigidan ko ɗansu yake tsare yanzu? Wa ke noma gonarsu a bana?
2. A cikin abubuwa huɗu da Bulus ya yi wa Onisimus, wanne ya fi mana wuya, don me?
3. Idan muka ji ana raɗe-raɗi a kan wanda ya fito, me ya kamata mu yi kafin maganar ta yaɗu?
4. Su wane ne mutum biyu da za mu zaɓa yau su riƙe wannan aiki?

Addu'a

Ya Ubangiji Yesu, kai da aka kama, aka ɗaure, aka kuma yi maka shari'a, ka dubi 'yan'uwanmu da ke tsare da iyalansu. Ka ta'azantar da waɗanda aka cuta, ka ba alƙalai da gandirobobi zuciyar adalci. Ka ba mu ƙarfin halin Barnaba, domin mu kama hannun mai komowa mu shigo da shi cikin jama'arka. Amin.