Baƙo a Kano: Ina Zai Ci Abinci?

Sau da yawa mai shirin shiga Kano karon farko yakan tanadi kuɗin mota da masauki, amma ya manta da cikinsa. Yana sauka a tashar Unguwa Uku ko ta Yankaba, ga gajiya ga yunwa, sai ya afka wa duk abin da aka miƙo masa. Ya kamata tun yana gida ya san inda zai ci da lokacin da zai ci, domin abincin birni da lokacinsa yake tafiya.

Da sassafe akwai koko da ƙosai, da waina, da teburin mai shayi kusan a kowace unguwa. Da rana, wanda sayayya ta kai shi Kantin Kwari zai sami masu shinkafa da wake da ɗanwake a kewayen kasuwar. Tsire da balangu kuwa sai bayan Magariba, musamman a titin Gidan Zoo.

Amma wanda ya zo Kano bai ci gurasa ba, da sauransa. A Jakara, kusa da Kasuwar Kurmi, mata suka daɗe suna gasa ta a tanderu. In an yayyafa mata ruwa, aka barbaɗa garin ƙuli-ƙuli, aka zuba man gyaɗa da albasa da yaji, ta zama bandashe, ga arha ga riƙe ciki har yamma. Mai marmarin sakwara, teba ko amala sai ya nufi Sabon Gari, kuma ba laifi ya tambayi irin naman kafin a zuba.

Batun lafiya shi ne babba. Baƙo ya zaɓi wurin da 'yan gari suka yi layi, inda tukunya take a rufe, abinci yana tururi, nesa da kwata da ƙudaje. Da damina cutar amai da gudawa ta fi yaɗuwa, saboda haka ya wanke hannu da sabulu, ya duba lambar NAFDAC a jikin ledar fiya wata, ya yi hattara da kwaɗon da ya wuni a rana.

Ran Juma'a masu abinci da dama sukan rufe lokacin salla, da azumi kuma a cikin birni sai an sha ruwa. Baƙo ya tambayi mai masaukinsa, ya kuma ji kuɗin kwano tun kafin ya sa hannu.