Babur Mai Feshin Mai: Darasi Ga Hakimai Da Malamansu

Babur shi ne dokin rangadi na wannan zamani. Da shi a ke kai takardar hakimi ga dagatai, da shi kuma malami ke zaga ƙauyuka. Tun da aka janye tallafin fetur a Nijeriya ran 29 ga Mayu, 2023, kowace lita ta zama abin lissafi. Saboda haka ya kamata wanda aka danƙa wa babur na aiki ya san yadda ya ke shan mai, don kada dukiyar jama'a ta salwanta a hannunsa.

1. Kafireto da feshi

Yawancin baburan ƙasar nan da kafireto su ke aiki, watau iskar da inji ke zuƙa ita ke jawo mai. Amma akwai sabon samfuri wanda ba shi da kafireto. A cikinsa famfo ne ke tura mai daga tanki da ƙarfi, sa'an nan wani ɗan bututu da makanikai ke kira injekta ya fesa shi. Akwai kuma ɗan akwatin lantarki, ƙwaƙwalwar inji, wanda ke yanke tsawon lokacin da injekta za ta buɗe.

Kamfanin Kawasaki na Japan ya fitar da babur irin wannan a 1980. Ƙasar Indiya, inda a ke ƙera baburan Bajaj da TVS, ta tsananta dokar hayaƙi daga 1 ga Afrilu, 2020, har ya zamana yawancin sababbin baburan da a ke sayarwa can masu feshi ne.

2. Ma'aunin mai da iska

Fetur ba ya cin wuta sai da iska. In ana so ya ƙone sarai, sai a haɗa kashi 14.7 na iska da kashi 1 na mai, bisa nauyi. In mai ya yi yawa, babur zai yi baƙin hayaƙi, fulogi ya yi kunkunniya, kuɗi kuma su tafi a banza. In mai ya kasa, inji zai yi zafi fiye da kima, fulogi ya yi fari fat, har fistin ya iya lalacewa. Fulogin lafiyayyen inji launin ƙasa-ƙasa gare shi.

Iska kuwa ba ɗaya ba ce ko'ina. Jos tana bisa tudu wajen mita 1,200, iskarta ba ta kai ta Sakkwato kauri ba. Kafireton da aka saita a Sakkwato zai ba da mai fiye da bukata a Jos. Babur mai feshi yana auna nauyin iska da zafinta, ya rage mai da kansa.

3. Aikin sensar oksijin

A wuyan salansa, kusa da inji, akwai wani ƙarfe mai kama da fulogi, da wayoyi a kansa. Shi ne sensar oksijin. Kamfanin Bosch na Jamus ya ƙera ta, aka fara sa ta cikin motocin Volvo a 1976. Aikinta shi ne ta shinshina hayaƙi, ta gaya wa ƙwaƙwalwa ko oksijin ya ragu bayan ƙuna. Da lantarki ta ke ba da labari. In mai ya kasa, tana ba da wajen bolt 0.1. In mai ya yi yawa, wajen bolt 0.9. Ƙwaƙwalwa ta yi ta ƙarawa tana ragewa, har awon ya riƙa kai da kawowa a tsakiya, wajen bolt 0.45.

Sai a lura da abu biyu. Na fari, sensa ba ta aiki sai ta yi zafi wajen digiri 300 na ma'aunin Salshiyas. Na biyu, ƙwaƙwalwa ba ta bin maganarta kullum. Da sanyin safiya kafin inji ya ɗumama, ko sa'ad da aka murɗa totur har ƙarshe, tana bin lissafin da aka rubuta mata tun a masana'anta, ta ba da mai da ɗan yawa. A tafiya madaidaiciya ne ta ke sauraron sensa.

4. Abubuwan da ke kawo ɓarna

(a) Hujin salansa tsakanin inji da sensa. Iskar waje na shiga, sensa ta zaci mai ya kasa, ƙwaƙwalwa ta ƙara mai ba dalili.

(b) Gurɓataccen fetur, musamman wanda aka gauraya da kananzir ko ruwa. Yana toshe injekta, ya shafe bakin sensa da kunkunniya.

(c) Ƙurar hunturu. Tana toshe matacin iska, babur ya rasa ƙarfi.

(d) Injin da ke cin baƙin mai, da gam mai silikon da wasu ke shafa wa inji. Dukansu suna kashe sensa.

(e) Raunin batir, da barin tanki ya ƙafe. Famfo da lantarki ya ke aiki, man tanki kuma shi ke sanyaya shi.

5. Saiti

Babur mai feshi ba shi da sukurun mai irin na kafireto. In makanike ya ce zai murɗa wani abu da ka, a dakatar da shi. Ga yadda a ke bi. A fara duba ɗan fitilar gargaɗi da ke gaban matuƙi. A wasu babura, kamar na Honda, tana ƙyaftawa da ƙidaya: doguwar ƙyaftawa goma ce, gajera ɗaya, lambar kuwa tana cikin littafin babur. Daga nan a duba mataci, da fulogi, da batir, da wayoyi, da hujin salansa. Sai an gama waɗannan duka za a zargi sensa.

Wasu na cire sensa, ko su ɗaura mata na'urar yaudara, wai don babur ya ƙara gudu. Wannan gyaran gangar auzinawa ne. Gaskiya ne inji ya fi ƙarfi in iska ta sauko wajen kashi 13, amma ƙwaƙwalwa ta riga ta tanadi wannan don lokacin da a ke bukata. Sauya lissafin ƙwaƙwalwa aikin gwani ne mai kwamfuta da babbar sensar awo, ba ya kuwa wajaba sai an canza salansa ko wani sashe na inji. Babur na aikin hukuma a bar shi yadda aka ƙera shi.

Kada kuma a tayar da babur cikin rufaffen ɗaki ko zaure. Hayaƙinsa yana ɗauke da guba marar launi marar wari, tana kisa.

6. Aikin malamin hakimi

Malami ya buɗe littafi ga kowane babur. Ya riƙa rubuta rana, da litar da aka sha, da kilomitar da aka yi. A ce babur ya saba yin kilomita 200 da lita 5, watau kilomita 40 kowace lita. In aka wayi gari yana bukatar lita 7, lalle akwai dalili: ko dai inji ne, ko kuwa hannun mutum. Malami ya sanar da hakimi nan da nan. In an canza wani abu wajen makanike, a karɓo tsohon a ajiye tare da rasit. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Kashi nawa na iska a ke haɗawa da kashi ɗaya na mai?
2. Don me hujin salansa ke sa babur shan mai?
3. Waɗanne abubuwa za a duba kafin a canza sensa?