In Abokin Aikinka Ya Maƙale a Igiya: Abin Yi da Abin Bari

Kai mai hawa ƙarfen sabis, da kai mai wanke gilashin dogon bene, ku saurara. Wanda ya suma yana rataye cikin ɗamara ba shi da lokacin jiranku. Jini yana taruwa a ƙafafunsa, zuciya ta rasa wanda za ta tura ƙwaƙwalwa. Na taɓa tsayawa a gindin wani ƙarfe, yaro yana reto a sama, wuyansa ya langaɓe, mu shida a ƙasa muna ta "a kira oga", jakar kayan ceto kuwa tana but ɗin motar da aka tafi sayo abinci da ita.

ABIN DA ZA KA YI

Tsara ceto tun kowa yana ƙasa: wa zai hau, ta ina, da wane kaya. Dokar aiki a sama ta Birtaniya ta 2005 ta wajabta haka, kai ma ka wajabta wa kanka.

Tabbatar akwai ƙwararre a wurin. A tsarin IRATA, ƙungiyar masu aiki da igiya, ba a aiki sai da shugaba mai mataki na 3.

Gano abin da ya kayar da shi kafin ka hau. Wayar lantarki ko zumar da ta same shi tana nan tana jiranka.

Sa wani ya kira 112, kai ka kama igiya. Kira ba ya sauko da mutum.

Yi masa magana. In yana ji, ya riƙa motsa ƙafafu, ya taka madauki ya miƙe, jini ya koma sama.

Hau da igiya biyu, kowace da maɗaurinta. Ranar ceto ce aka fi karya wannan doka, saboda gaggawa.

Haɗa shi da kayanka a wuri biyu kafin ka cire shi daga nasa. Ƙugiya ɗaya ba ta isa riƙon rai ba.

Ƙara ƙugiyar birki a na'urar sauka. Nauyin mutum biyu yana fizge igiya daga hannu.

Da kun taɓa ƙasa, kwantar da shi. In a sume yake yana numfashi, juya shi kan haƙarƙarinsa. Da an koya mana a zaunar da shi rabin awa, ni ma na koyar da hakan. A 2008 hukumar kiyaye lafiyar ma'aikata ta Birtaniya ta bincika, ba ta sami hujjarsa ba.

Kai shi asibiti ko ya rantse garau yake. Matsin ɗamara yana iya taɓa ƙoda, sai daga baya ya bayyana.

ABIN DA BA ZA KA YI BA

Kada ka zaro wuƙa. Igiya huɗu a gabanka, hannu yana rawa, taka za ka yanke.

Kada ka zauna jiran 'yan kwana-kwana. Ceton naka ne, kuma ba kowane tsani ke kaiwa can ba.

Kada ka hau igiyarsa ba ka duba ta ba. Wataƙila gefen ƙarfe ya riga ya ci rabinta.

Kada ka ciccibe shi da ƙarfin damtse. Sumamme ya fi buhun siminti nauyi, kuma ba ya taimakonka.

Kada ka tsaya ɗaurin karaya a sama. Tsayar da jini mai tsartuwa, buɗe masa hanyar numfashi, ku sauko.

Kada ka bar 'yan kallo a gindin ƙarfe. Sifana daga mita 40 tana fasa kai.

Kada ka ɗura wa sumamme ruwa. Huhu zai wuce.

Kada ka mayar da igiya da ɗamarar da suka tare faɗuwa cikin jaka. Ware su, ka rubuta a jiki, don in ba haka ba, gobe da asuba wani yaro zai ɗauka ya ɗaura.